Kakata da 'Yan Layin Baya

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Yau kwana arba'in ke nan da rasuwar Kakata, mahaifiyar Babana. Ta cika a ɗakinta da ke unguwar Mahjar, a nan ƙasa mai tsarki, da hantsin wata Talata, tana jingine da matashi, shayinta bai ko huce ba. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa, maza a kujerun da aka jera a lungu, mata a falo. Kowa ya zo da Kakar da ya sani. Maƙwabta suka ce ba su taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Gwaggona, wadda ta taso daga Makka, ta yi ta nanata wa baƙi yadda marigayiya ba ta wasa da azumin Litinin. Ƙananan jikoki, waɗanda Hausa ta fi zama musu a kunne fiye da a baki, suna ta kuka suna cewa Sitti, wato Kaka da Larabci, ta tafi, wa zai ƙara soya musu funkaso. Sai wasu tsofaffin mata uku suka shigo, suka ƙi hawa kujera, suka zauna a ƙasa dab da ƙofar kicin. Tafin hannunsu kauri gare shi irin na Kaka. Gwaggo ta amsa gaisuwarsu tana kallon wani wuri. A kwana ukun nan an ambaci sallarta, an ambaci haƙurinta, amma ba wanda ya ambaci kiɗa, ba wanda ya ambaci kwalayen kaset da ke ƙarƙashin gadonta.

Ranar da aka yi mata wanka, mai wankan ta leƙo ta ce iyali su shigo ɗaya bayan ɗaya su yi ban kwana, wanda yake da wani abu a ransa ya yafe. Na shiga, na sumbaci goshinta, na ce na yafe duniya da lahira, har ina mamakin me Kaka za ta taɓa yi mini. Washegari na san abin da ta yi. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko yafiyar da mutum ya bayar bai san abin da yake yafewa ba tana isa inda aka aike ta. Idan ba ta isa, to Kakata tana can tana jira, ni ce kuma na riƙe ta. Shi ya sa na zauna rubutu. Da Hausa nake yi, domin da ita Kaka take faɗa, da ita take lallashi.

Sunanta aka sa mini, saboda haka Baba ba ya iya kiran sunana, Ummi yake ce mini. Ita kuwa takwara. Duk Alhamis bayan la'asar za ta leƙo ta ce, "Takwara, ja mana labule." Na san abin da hakan ke nufi. Zan jawo kwali, ita kuma ta rufe ido ta zaro kaset ɗaya.

A haraji, kasuwar tsofaffin kaya, ta tsinto su ɗaya ɗaya cikin shekaru masu yawa. Finafinan waƙa da rawa ne na da can: na Masar marasa kala, na Indiya, da na Turawa inda maza ke sa ƙarfe a ƙasan takalmi su yi kiɗa da ƙafa. Na'urar kallon ta girme ni. Baba, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a unguwar Khumra, ya gyara ta har ya gaji, ya ce bari ya kawo mata duk finafinan a waya. Ta ce ita ba ta kallon mutane a cikin abin da ke shiga aljihu. Larabci kawai take ji a cikin harsunan, sauran kuwa ita take sa musu magana a baki. Baturen da ya durƙusa gaban budurwa, a fassarar Kaka, roƙonta yake yi ta daina zuba gishiri da yawa a miya. Idan hira ta yi tsawo sai ta ce in wuce, surutu ya isa, in kai mu wurin aiki. Waƙa da rawa su ne aiki.

Ba ta taɓa kallon tauraruwa ba. Za a nuna kyakkyawa tana saukowa daga matakala, 'yan mata sun jeru a bayanta kamar haƙoran mataji, sai Kaka ta kai yatsa gefen talabijin. "Rabu da wannan mai jan bakin. Dubi ta uku daga hagu." Ta ce tauraruwa idan ta yi kuskure sake ɗauka ake yi, ta baya idan ta yi sallamarta ake yi, don haka gwanaye a baya suke. Akwai wani fim na Masar da ta fi so, saboda a tsakiyar rawa ta ukun nan tana rasa taku, kamar ƙiftawar ido, sannan ta dawo daidai. Mun mayar da wurin baya har kaset ya fara rawa da kansa. Kullum abu ɗaya take cewa: wadda ta rasa taku ba ta tsayawa kuka, ci gaba take da murmushi, ta shigo a ƙirge na gaba.

Ta ba ni labarin fim na farko da ta gani. Tana yarinya, ba ta daɗe da saukowa daga jirgin ruwan alhazai ba, tana aiki a wani babban gida. Masu gidan suka rataya farin zane a tsakar gida suka haska fim. Baƙi suna gaba a kan kujeru, masu aiki suna bayan zanen, a tsaye. Ta ce daga baya ma ana gani, sai dai komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Wai shi ya sa har ta tsufa da ƙafar hagu take fara taku.

Sun taɓa yin faɗa da Gwaggo a kan kaset ɗin. Gwaggo ta ce ba ya kyautuwa tsohuwa mai dakon kabari ta kwana a kan kayan kiɗa, a fitar a ƙone. Kaka ta gama tauna dabinonta, ta ce Allah ya ga abin da ke cikin kwalinta, ya kuma ga abin da ke cikin bakin 'yarta, su jira sakamako. Wata biyu ba su yi waya ba. A cikin watannin nan ne wata mata da ta zo umara ta zauna babu takarda ta kwanta ciwo, tana tsoron asibiti. Kaka ta shimfiɗa mata katifa a bayan labulen ɗakinta, ta yi jinyarta, tana sa mata fim tana yi mata fassarar gishiri har matar ta yi dariya ta fara cin abinci.

Abu ɗaya ne ba ta ba ni labarinsa ba, na dai san shi kamar yadda ake sanin ɗakin da ke kulle a cikin gida. Kaka ta yi shekaru tana daggaga, wato cikin matan da ke kaɗa bandiri a bukukuwan aure. Wani lokaci tana riƙe da faranti sai yatsunta su fara tafiya a kansa ba ta sani ba. Da ta lura sai ta ajiye farantin kamar ya ƙone ta.

Ina shekara goma sha shida wata ƙungiyar wasanni ta mata ta buɗe ƙwallon kwando, ta kuma kafa rukunin tashji'i: 'yan matan da ke fitowa fili lokacin hutun wasa, da tuntaye masu ƙyalli a hannu, suna taku tare, suna kirari, suna ɗaga junansu sama don ƙarfafa gwiwar 'yan wasa. Ranar da na fara ganinsu sai na ji kamar an buɗe talabijin ɗin Kaka an ce in shiga. Baba ya so ya ƙi. Kaka ce ta tsaya mini. Ta ce zauren na mata ne zalla, yarinya ba ta faɗi jarrabawa ko ɗaya ba, ya bar ta ta motsa jininta. Da hannunta ta ɗinka mini duwatsu masu walƙiya a hannun riga, tana lalube saboda ido. Ita take ƙirga mini taku a tsakar ɗaki, tana buga sandarta a ƙasa. Saboda tsawona a layin baya aka sa ni, cikin masu ɗaga wasu. Da na faɗa mata ta ce madalla, an san gwana.

Shekara ɗaya da rabi na yi. Ban san yadda zan kwatanta daɗin ba. Akwai wani lokaci, tsakanin bakwai da takwas na ƙirge, da numfashinmu duka ke zama ɗaya, ƙafar wata tana cikin tafin hannunki, ta yarda da ke ba ta ko duba ƙasa ba.

Da wasan ƙarshe na shekara ya matso, mai horar da mu, wadda muke kira Kaftin, ta shirya sabon taku wanda ba a sa waƙa daga na'ura, ganga za a kaɗa a fili. Ta gayyaci iyaye mata su zo kallon gwaji. Kaka ta zo da sandarta da sabuwar abaya. A gabansu Kaftin ta ɗauko gangar ta miƙo mini, ta juya wajen iyaye tana murmushi, ta ce da Larabci ba sai ta gwada kowa ba, irinmu baƙaƙen fata da ganga a hannu ake haifarmu. Matan suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, domin duk rukunin a kan bugun hannuna zai tashi ya sauka. Na kaɗa, takun ya fita tsaf, aka yi tafi. Na nemi idon Kaka. Tafin hannunta take kallo. A mota ba ta ce komai ba sai dai a rage sanyi.

Bayan kwana huɗu Baba ya dawo daga aiki, ya tsaya a ƙofar ɗakina bai shigo ba.

"Ummi, an cire sunanki. Halas, magana ta ƙare."

Saƙon Kaftin ya biyo baya, wai shawarar iyali ce kuma tana girmama ta. Rukunin ba ya ɗaukar wadda ta cika sha takwas, ni kuma saura wata uku in cika. Ba dakatarwa ba ce, rufewa ce.

Ban yi shakka ko kaɗan ba cewa Baba ne. Wata takwas ina gaishe shi idona a ƙasa, in ajiye masa abinci in juya kafin ya ce sannu. A cinyar Kaka nake zuwa in yi kuka. Na faɗi maganganu a kan ɗanta waɗanda ba zan maimaita a takarda ba. Ita kuma tana shafa kaina tana cewa in yi haƙuri, ubana yana da dalilinsa. Sannan ta ce in ja mana labule. Muka ci gaba da kallon 'yan matan nan suna saukowa daga matakala, ina share hawaye, tana miƙo mini dabino.

Mako ɗaya kafin ta rasu, muna tsakiyar fim, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Takwara, ki yafe mini." Na yi dariya, na ce laifinta ɗaya, cinye mini alewa. Sai ta ce to, in mayar mata da wurin ta uku daga hagu.

Rana ta biyu ta zaman makoki, bayan la'asar, Kaftin ta zo. Ta riƙe hannuwana biyu ta yi mini ta'aziyya, ta ce ba za ta manta da wannan tsohuwa ba. Ta ce tsohuwar ita kaɗai ta zo a tasi, ta hau matakalar ofis da sanda, ta ƙi shan ruwa, ta ce a soke sunan jikarta yau, kuma kada a gaya wa yarinyar wanda ya zo. Washegari uban ya zo ya sa hannu, idonsa ja. Kaftin tana faɗa tana yaba ƙarfin halinta, sai ta ga fuskata. Ta saki hannuna, ta rantse da Allah ta zaci na riga na sani.

Ban san na miƙe ba. Babbar cikin tsofaffin nan uku, aminiyar Kaka tun suna 'yan mata, ita ta kamo gefen mayafina ta ja ni kicin, ta tura ƙofa. Ta ce in zauna, ta ji komai. Ta ce shekara kusan talatin suka yi tare suna kiɗa. Kafin a fara, a bayan gida suke tsugunawa su gasa fatar bandiri a kan garwashi don ta yi tauri, hayaƙi yana shiga idonsu. Ta ƙofar kicin suke shiga. Sai baƙi sun ƙoshi suke cin abinci. Amarya ba ta taka ƙasa sai da bugunsu, uwar amarya za ta rungume su tana hawaye, amma washegari idan an haɗu a kasuwa sai ta ga abin sha'awa a ɗaya gefen titi. Ta ce Babana yana yaro ya sha dawowa daga makaranta da yagaggiyar riga saboda an kira shi ɗan daggaga. Ranar da ya sami aiki Kaka ta ajiye bandiri, ta rantse babu jininta da zai ƙara riƙe fata a gaban mutane.

"Da tsalle aka ce ki yi, ita za ta fara guɗa. Gangar ce ta kasa gani a hannunki."

Na ce to me ya hana ta tambaye ni.

Tsohuwar ta dube ni, ba fushi, ba tausayi. "'Yar nan, mu wa ya taɓa tambayarmu?"

Na gane, Kaka. Wallahi na gane. Na tuna dariyar matan nan, yanzu ina jin abin da kika ji a cikinta. Amma ke ce kika koya mini cewa gwanaye a baya suke. Ke ce kika sa yatsa a gefen talabijin shekara goma kina nuna mini inda daraja take, har na yarda. Wataƙila ƙofar da Kaftin ta buɗe mini ta kicin ce. Wataƙila kuma ba ita ba ce. Ina da haƙƙin in shiga in gano da kaina, kika je da sandarki kika rufe ta, a hannun rigata kuma ɗinkinki ne. Ko wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini shi ne wata takwas ɗin. Kin ji ina zagin ɗanki a kan laifinki, hannunki yana cikin gashina, bai ko girgiza ba. Kin nemi yafiya a dunƙule kamar mai miƙa kaya a rufe, na karɓa ina dariya. Kin san ba zan hana ki ba. Me ya sa ba ki bar ni in ba ki da idona a buɗe ba?

Bayan an watse daga makoki na sami Baba a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmin aiki. Na durƙusa na ce na sani. Bai ɗago ba. Ya ce uwarsa ce, ta ce kada in sani.

"Na ga gara ki yi fushi da ni, Ummi. Ni ina da lokacin jira. Ita ba ta da shi."

Na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe tun ranar farko, in kawo masa ruwa. Da na kawo ya sha rabi, ya ce in saki Kaka, kada in bar ta a tsaye. A ranar Gwaggo ta sake tayar da maganar ƙone kwalaye. Baba ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kai ɗakina, har da na'urar.

Yau an yi sadakar arba'in a hankali, kamar yadda mutanenmu ke yi a garin nan, aka raba waina gida gida ba tare da taro ba. Aminiyar Kaka ta zo da wani abu a nannaɗe cikin tsohon zane, ta ajiye mini a cinya. Bandirin ne. Gefensa ya yi baƙi da santsi daidai inda babban yatsa ke zama. Na tambaye ta ko Kaka ce ta ce a ba ni. Ta ce a'a, cewa ta yi a ƙone, tun kafin a haife ni. Ta ce ita ma ta ci amanar ƙawarta, sai su daidaita idan sun haɗu.

Da la'asar ta yi sanyi na kunna murhu, na riƙe fatar sama da wuta ina juyawa har ta fara amsawa. Na shiga ɗaki na ja labule. Kaset ɗin da muka kalla na ƙarshe yana nan cikin na'ura inda muka tsaya. 'Yan matan suka sauko daga matakala, na bi su da bugu, hannuna ya san hanya ba wanda ya nuna masa. Ta uku daga hagu ta rasa takunta. Na tsayar da fim ɗin a wurin, ƙafarta ɗaya a sama.

Na faɗi laifin da sunansa, da ƙarfi, a ɗakin da babu kowa: tasi, matakala, sunana, wata takwas, Babana. Sannan na ce na yafe, wannan karon da sanina. Muryata ba ta yi laushi ba, ba zan yi ƙarya a ta'aziyya ba. Baki ne ya faɗa, zuciya tana baya, ta rasa taku. Amma an koya mini abin da ake yi idan haka ta faru, kuma kin san wadda ta koya mini.

Allah ya karɓi abin da bakina ya bayar, ya cika shi daga wurinsa. Ya gafarta wa Kakata, ya yalwata kabarinta, ya shigar da ita ta babbar ƙofa, ya zaunar da ita a gaban zane inda dama take dama. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ya sa ni ma.

Na danna, fim ya ci gaba. Ta uku daga hagu ta sauke ƙafarta.